Ranar da Na Kai Inna Ganin Fir'auna

Shekarun baya ne, lokacin ina karatun digiri na biyu a Masar, ina haya a wani lungu na unguwar Faisal, aka kawo mini mahaifiyata daga gida Katsina domin a yi mata aiki. Maƙoƙo ne ya daɗe a wuyanta. Da farko ba ya hana ta komai, mayafi take ja ta rufe abinta ta ci gaba da harkokinta. Daga baya ya fara danne mata maƙogwaro, idan ta kwanta sai numfashi ya riƙa sarƙewa. Likitan da ya duba ta a Giza ya ce aiki ba makawa, kuma kada a ja lokaci, sai dai dole jininta da ya hau ya sauka tukuna. Ya rubuta magunguna, ya ce mu riƙa zuwa gwaji, idan jinin ya daidaita a sa rana.

Sai zaman jira ya kama mu. Inna kuwa ba ta san zama wuri ɗaya ba. A gida tana da awakinta, da jikokinta, da maƙwabta masu shigowa ba sallama sau biyu. Ga shi an ɗauko ta an ɗora a saman bene, ba tsakar gida, ba rana sai wadda ta leƙo ta taga, ba abin ji sai hon ɗin ƙananan bas-bas daga babban titi. Ta kunna talabijin, ta ce mutanen ciki faɗa kawai suke yi. Cikin 'yan kwanaki ta wanke duk wani abu mai wankuwa a gidan, ta dawo kaina da faɗa.

Faɗan nan ne ya jawo mana alheri. Wata rana tana cikin yi mini tas a kan yadda nake ajiye takalma, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa 'yar Sudan da kowa a benen ke kira Hajja, riƙe da faranti da tukunyar gahawa. Ta ce ta ji muryar uwa tana faɗa da Hausa, ta kasa zama. Ashe kakanta daga ƙasar Hausa ya taso da ƙafa zai tafi Makka, hanya ta ajiye shi a Sudan, a can ubanta ya girma, a can aka haife ta. Na daɗe ina gaishe ta da Larabci a matakala, ban taɓa sanin tana jin duk abin da nake faɗa a waya ba. Hausarta tsohuwa ce, ta cakuɗe da Larabcin Sudan, amma ita da Inna ba su taɓa neman tafinta ba.

A lokacin ina da wata jaraba. Akwai wasu littattafan binciken kisan kai na wani marubucin Ingila, jeri guda, da nake tsinta ɗaya-ɗaya a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai. Mutum biyu ne ke jan labarin: wani tsohon farfesa mai tonon kufai da kaburburan mutanen da, da wata yarinya 'yar sanda mai binciken kisa. Kowane littafi kusan haka yake farawa: farfesa yana tono a wani ƙauye da ruwan sama ba ya ɗaukewa, sai a cikin ƙasusuwan da suka shekara ɗaruruwa a ci karo da wanda bai daɗe ba. Daga nan labari ya rabu biyu, na mutanen da da na mutanen yanzu, sai a ƙarshe su haɗe. Wani abokina, wanda ke karatun shari'a a ɗaya gefen birnin, ya ce wannan ɓata lokaci ne da bai dace da ɗalibin ilmi ba. Ya faɗi haka ne bayan ya riga ni gama littafi na huɗu.

Wata la'asar Inna ta kalle ni ina karatu ina gyaɗa kai, ta ce, "Wannan littafin da ka maƙale wa, na makarantar ne?"

Na ce, "A'a Inna, labari ne."

"To labarin kai kaɗai aka rubuta wa?"

Haka aka buɗe zaure. Kullum bayan la'asar Hajja ta shigo da gahawarta, in karanta shafi a zuci, in ɗago kai in zuba musu da Hausa. Abokina yakan zo ranar da ba shi da darasi, wai ya zo duba jikin Inna, amma da na tsallake wani abu sai ka ji ya yi gyaran murya. Ina kuwa tsallakewa, domin akwai abin da ba a karanta wa uwa. Gidan giya na mayar da shi teburin mai shayi. Aka yi ta tafiya lafiya har ranar da Inna ta tsayar da ni, ta ce, "Dakata. Wai wane irin shayi ne wannan da mutum zai sha ya kasa tuƙa mota?" Abokina ya tashi ya fita baranda, ina jin dariyarsa tana fita ta hanci.

Ban taɓa ganin masu karatu masu ra'ayi irin waɗannan ba, ga shi biyu daga cikinsu ba su san ko baƙi ɗaya na littafin ba. Inna ba ruwanta da mutanen da. Ita dai a kamo mai laifi. Ta ce 'yan sandan Ingila sanyin jiki gare su, mutum ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri su ce masa sun gode su tafi. Tana da ƙa'idarta: duk wanda ya fi kowa kuka a gidan makoki, a fara da shi. Sau biyu ƙa'idar ta ci, kuma ba mu huta da gori ba. 'Yar sandar ta shiga ranta, sai dai kullum tana tausayinta, wai yarinya tana yawo cikin ruwa ba wanda ke ajiye mata abinci. Farfesan kuma ta ce mutumin kirki ne, amma a gaya masa ya riƙa wanke hannu.

Hajja akasin haka take. Idan aka shiga zancen 'yan sanda sai ta fara gyangyaɗi, amma da farfesa ya durƙusa a kan wani ƙashi yana share ƙasa da ɗan buroshi, yana cewa wannan mace ce, ta haihu, ta yi ɗaukar kaya a ka, ta karye a hannu tana ƙarama ya ɗoru, sai ta ajiye kofi ta matso. "Ya salam," take cewa, "mutum ya mutu, sunansa ya mutu, wani ya zo ya san ya taɓa karyewa." Abokina shi kuma malamin suka ne. Ya ce littafi na uku marubucin yunwa ce ta sa shi rubutawa, kuma ba daidai ba ne a ɓoye wa mai karatu shaida sai a shafin ƙarshe a fito da ita, ko a kotun shari'a ba a yin haka. Ni dai nawa ra'ayin ba a cika tambaya ba, aikina karatu ne.

A haka jinin Inna ya fara sauka. Likita ya yi murna, ya sa ranar aiki. Ni kuma daɗi ya ɗebe ni, na ce kafin a kwantar da ita ya kamata ta ga gari. Kowa ya sani Bahaushe ba ya zuwa Masar ya koma bai ga gawar Fir'auna ba, domin abin da za a fara tambayarsa ke nan a gida, kafin ma a tambayi lafiyarsa. Abokina ya ce ganin wa'azi ne babba. Na ƙara da cewa wadda ta saba da ƙasusuwa a littafi ai gani ne zai kori ji. Hajja ce kawai ta ce ba za ta ba, gwiwa ta hana ta, ta kuma kalle ni wani irin kallo da ban fahimta ba a lokacin.

Inna ta yi kwalliya kamar za ta biki. A tasi tana ta shirya abin da za ta faɗa wa Fir'auna idan sun haɗu. Muka isa gidan tarihin da aka ajiye gawarwakin Fir'aunoni, muka sauka wani ɗaki a ƙasa mai duhu-duhu da sanyi, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Ga su nan a kwance cikin akwatunan gilashi, busassu, baƙaƙe, an rufe jikinsu da ƙyalle an bar fuska da ƙafafu. Na nuna mata wanda mutanenmu suka fi cewa shi ne. Ta tsaya ta kalle shi sama da ƙasa, ta ce, "Kai ne? Duk girman kan a wannan ɗan jikin?" Ta yi a'uziyya, ta wuce tana jin daɗi. Na ce a raina yau na burge.

Muka shiga ɗaki na gaba, sai na ga ta ja ta tsaya. Mace ce a cikin gilashin, tsohuwa, 'yar ƙarama, gashinta na nan a kanta.

Inna ta ce a hankali, "Wannan ai da kitsonta."

Na duba ɗan rubutun da ke gefe, na fara yi mata bayani cewa matar sarki ce. Ba ta saurare ni ba. Ta ce, "Shi wancan ya ja da Allah, an bar shi duniya ta gani. Ita wannan me ta yi? Wata ce fa ta zauna ta yi mata kitson nan. Ga kanta a buɗe, ga ƙafafunta a waje, maza suna wucewa." Na ga hannunta ya kama bakin mayafinta kamar za ta cire ta lulluɓa wa gilashin. Ta juya ta ce, "Fitar da ni."

Muka koma gida. Sai da ta yi sallah ta kira ni, ta ce in nema mata jirgi. Na ce Inna aikin fa? Ta ce ba wanda zai yi mata allurar barci a ƙasar da ake tono mata a sa a gilashi. Idan ba ta farka ba, nan za a binne ta, wata rana wasu su zo da buroshi. Gara ta koma da maƙoƙonta, idan ta Allah ta kasance a kai ta kusa da Malam, wato mahaifina, wanda ya rasu tun ina sakandare. Na san Inna, idan ta faɗi magana da wannan sanyin muryar to ta gama. Garin neman gira na tashi rasa ido.

Abokina ya zo da ayoyinsa da hadisansa, ya yi mata bayani mai kyau cewa ba mai sanin ƙasar da zai cika. Ta bar shi ya kai aya, ta ce, "Allah ya ƙara sani, ɗana. Na san wannan tun ba a haife ka ba. Ba mutuwar nake gudu ba." Ya fito yana sosa ƙeya. Likita da na kira ya ce ba zai iya tilasta ta ba, amma in sani abin yana ƙara girma ne, ba ya raguwa. Da dare ina jin numfashinta daga ɗakina yana fita da ƙyar.

Sai na kawo dabarar da na ɗauka ta masu hankali ce. Muna tsakiyar littafi na biyar, daidai inda aka gano gawa a rijiyar wani tsohon coci. Na rufe littafin na ce ba zan ƙarasa ba sai bayan an yi aiki. Inna ta dube ni da tausayi. Ta ce, "Kai yanzu a tunaninka don in ji wanda ya jefa Bature a rijiya zan miƙa wuyana a yanka?" Sannan ta yi mini tambayar da ba ta taɓa yi ba: "Shi farfesan naka, idan ya gama shafe-shafensa, ina yake kai ƙasusuwan?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "A kwali ake zubawa, a ajiye a sito."

"To ɓarawon kabari ne. Kada ka sake karanta mini shi."

Hajja tana zaune tana jinmu. Ta zuba gahawa, ta miƙa wa Inna, ta ce, "Ma'alish, ki yi haƙuri 'yar'uwa, ni ban yarda ba. Kakata a hanya ta mutu, tsakanin Chadi da Darfur, aka binne ta ayari ya wuce. Ubana har ya mutu yana cewa da ya san wurin. Da wani zol, wani mutum irin farfesan nan, zai tono ya ce mini ga ta, ga inda ta taɓa karyewa, wallahi hannunsa zan sumbata." Inna ta kawar da kai. Hajja ta ci gaba, "Kuma ke kin manta abin da farfesan yake kuka da shi kullum? Kabarin talaka ba ya samun komai a ciki. Waɗancan na gilashi su suka hana ƙasa haƙƙinta, suka shafe jiki da magani, suka shiga akwati da zinariya. Mu fa? Likkafani da ƙasa, khalas, shi ke nan. Wa zai tono ki, ya sami me?"

Inna ta ce, "Duk da haka, ƙasar wasu ce."

Hajja ba ta ja ba. Ta tattara kofunanta, ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Gobe Juma'a zan je wajen mijina. Gwiwar nan ba ta barina in tafi ni kaɗai. Ki raka ni."

"Ina yake?"

"Maƙabarta."

Inna ta dafe ƙirji. "Maƙabarta? Mace?"

A wajenmu mace ba ta shiga maƙabarta. Ana fita da gawa ta tsaya daga soro, iyakarta ke nan. Inna ta binne uwa da uba da miji da 'ya'ya biyu, ba ta taɓa ganin kabarin ko ɗaya ba, kuma ba ta taɓa jin cewa an hana ta wani abu ba, haka ta taso ta gani. Amma matar da ta yi makonni tana dafa mata kunu tana shafa mata man zafi a baya ta roƙi rakiya, kunya ba za ta bar ta ta ƙi ba. Ta ce za ta je, amma a mota za ta zauna.

Da safe muka ɗauki tasi muka fita bayan Giza, inda gine-gine ke ƙarewa rairayi ya fara. Tun daga ƙofa Inna ta fara leƙe. Mata ne ko'ina, da yaransu, da kwandunansu. Wasu suna raba gurasa da dabino da lemo sadaka, wasu sun shimfiɗa tabarma wani makaho yana yi musu karatu, wata tana share gaban kabari da tsintsiya tana yi wa jikanta faɗa. Hajja ta fita tana ɗingishi, na kama ta. Ba mu yi nisa ba na ji takun silifa a bayanmu. Inna ce, ta ja mayafi har goshi, tana taka ƙasar a hankali kamar za ta ƙone ta.

Kabarin mijin Hajja yana ɓangaren da ake binne baƙi, ɗai-ɗai irin namu, da ɗan dutse a wajen kai. Ta yi sallama, ta yi addu'a, ta yayyafa ruwa daga gorar da ta zo da ita. Sai ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa ta fara ba shi labari. Mai gida ya ƙara kuɗin haya. 'Yarsu ta sauka lafiya, namiji ne. Gwiwa tana nan yadda ya bar ta. Ta nuna Inna ta ce, "Ga baƙuwa na kawo maka daga ƙasar kakanni. Taurin kai gare ta kamar kai." Inna ta rasa yadda za ta yi, sai na ji ta ce, "Ina wuni," ta kuma rufe baki da sauri. Hajja ta yi dariya har da hawaye.

Can Inna ta juyo gare ni, ta ce, "Kai, Malam fa? Idan aka kai ka yanzu za ka gane wurin?"

Ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Na ce da farko ina ganewa, akwai wata dalbejiya da nake auna wurin da ita. Daga baya aka sare ta, damuna ta yi ta wucewa tana baje ƙasa, aka yi ta kawo sababbi. Yanzu idan na je, inda zuciyata ta ba ni nake tsayawa in yi addu'a.

Ta daɗe tana kallon ɗan dutsen da ke gabanmu. Ta ce, "Shekara da shekaru ina cewa a kai ni kusa da shi. Ashe ko kai ba ka san inda kusan take ba." Na sunkuyar da kai, ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta ɗebi rairayin wurin ta murza a tafin hannu, ta zubar. Ta ce, "Hajja, idan ban farka ba, nan za a kawo ni?"

"Nan. Ga wuri can."

"Za ki riƙa tsayawa a kaina?"

"Duk Juma'a. Sai kin gaji da surutuna."

Inna ta miƙa mini hannu in tashe ta. Ta karkaɗe zaninta, ta ce, "Kira likitan, kada ya ba wani ranar."

An yi aiki lafiya. Ba zan ɓoye muku ba, zaman da na yi a bakin ɗakin tiyata ban taɓa jin tsoro irinsa ba, domin yanzu ni ne nake tuna wurin can da Hajja ta nuna. Da aka fito da ita ta buɗe ido, na yi kuka a gaban ma'aikatan asibiti ban ji kunya ba. Muryarta ta dushe na wasu makonni, likita ya ce ta rage magana, wanda a wajen Inna ya fi aikin kansa wuya. Da muka dawo gida ita da kanta ta nuna littafin da yatsa. Muka koma rijiyar coci. Da hannu take ba da ra'ayi: idan ɗan sanda ya yi shirme ta tafa cinya, idan wanda take zargi ya shigo ta nuna shi da baki. A wannan karon ƙa'idarta ta faɗi, wanda ya fi kowa kuka ba shi ne ba. Da murya ta dawo ta ce marubucin ne ya yi kuskure. Farfesa kuwa ta yafe masa rabi. Ta ce aikinsa yana da amfani, amma idan ya gama tambayar mutane ya mayar da su inda ya same su, ya kuma rufe wa mata kai. Har yau ban ji sukar da ta fi wannan a kan littattafan ba, kuma na karanta ta masana da yawa.

Yanzu na daɗe da dawowa gida. Inna tana nan da ƙarfinta, ta koma kan awakinta, numfashi sumul. Hajja ma tana nan a Faisal, suna waya, kowace tana ihu kamar wayar ba ta aiki. Idan na tuna abin, dariya nake fara yi wa kaina, yadda na ɗauka wanda ya ji labarin ƙashi a littafi ya shirya ganin gawa, da yadda na zo da ilmina da dabarata duk suka tashi a banza. Ni da abokina mun yi ta amsa tambayar da Inna ba ta yi ba. Mun ɗauka mutuwa take tsoro, alhali tsoronta a bar ta ita kaɗai a inda ba mai suturta ta. Hajja ce ta ji wannan, domin ita ma ta ajiye nata a ƙasar wasu. Tun daga lokacin, idan tsoho ya ƙi abu, nakan rage bayani in ƙara saurare.

Hutun farko da na zo bayan komawarta, wata Juma'a da yamma ta ce in fito da mota in kai ta unguwa. Tana nuna hanya ina bi, har muka iso katangar maƙabartar garinmu. Ta ce in tsaya. Na zaci za ta shiga, na fara tunanin abin da mutane za su ce. Ba ta nufi ƙofa ba. Ta fita ta tsaya a jikin katangar daga waje, inda masu wucewa za su ɗauka hutawa take yi. Ta yi sallama, ta yi addu'a. Sannan na ji ta rage murya.

"Malam, ni ce. Na je Masar, an cire abin nan, na dawo. Yaran duk lafiya. An ce ba a san daidai inda kake ba, to ni ma ban sani ba, amma ga ni nan."

Ta ɗan sassauta mayafinta, ta ɗaga haɓa, ta nuna wa katangar tabon da ke wuyanta. Ta gyara lulluɓi, ta dawo ta shiga mota, ta ce, "Mu je, kada awakin nan su kwana da yunwa."